Hanta, Wake da Alayyafo

Litinin, da yamma

Takwas. Likita ta ce awon jinin yarinya mai shekara sha biyar ya kamata ya kai sha biyu, na Barewa takwas ne. Ta juyo min da allon kwamfutarta kamar zan ƙaryata ta. Na ce mata na san awo, tun tana goye nake auna ruwan da garin nan ke sha. Ta ce, "Madalla, Baba," da muryar nan da ake yi wa tsoho idan ana so ya yi shiru.

Ta ja fatar ƙasan idon yarinyar ta nuna min. Fari fat, kamar cikin ɓawon ƙwai. Kullum ina kallon idon nan a teburin cin abinci, ban taɓa gani ba. Jikata ɗaya tilo, abin da ɗana ya mutu ya bar min ke nan, ita ce ake kira Barewa tun tana firamare saboda ba a cin ta a tsere. Yanzu matakalar benenmu sai ta huta a tsakiya.

Tambayoyi suka yi yawa, ni na amsa yawancinsu. Me take ci, tana barci, tana jiri. Can sai likitar ta yi mata wata tambaya irin ta mata, a gabana. Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau." Likita ta ce ko zan ɗan ba su wuri. Na ce ni ne uwarta ni ne ubanta a gidan nan, babu abin da za a faɗa da ban isa in ji ba. Ta dube ni, ta dubi layin da ke bakin ƙofa, ta ci gaba da rubutunta.

Ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Ga ƙwayoyi, ɗaya kullum. Hanta, jan nama, wake, alayyafo, ƙwai, kifi. Kada ta sha shayi ko madara tare da abinci. Mu dawo bayan wata guda a sake awo.

Talata, da safe

Uwarta ta kira. Ban san wa ya gaya mata ba, na dai san wa ke da waya a ɗakin can.

Ta gaishe ni da ladabinta, ba ta taɓa rage min ladabi ba, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Shekara biyu ke nan da ta samu aiki a kamfanin ɗinki a wani gari mai nisa, aka yarda yarinya ta zauna wurina ta ƙare makaranta. Ɗaki ɗaya gare ta a can, ita da keken ɗinki.

"Baba, ku bari in zo in ɗauke ta."

"A kai ta ina? Ƙarƙashin keke?"

"Baba, yarinya ta girma. Akwai abin da sai mace."

"Abinci ne. Ko namiji ya iya sayen hanta."

Ina jin ƙarar kekuna a bayanta. Sannan ta ce, "To, Baba. Zan jira awo na biyu. Idan bai hau ba, ku yi haƙuri, zan zo. Ba faɗa nake nema ba."

Na ce zai hau.

Laraba, da hantsi

Mahaucin bakin titi ya gan ni ya fara. "Injiniya da kansa! Yau fansho ya fito ne, ko aure za a ƙara?"

Na ce ya yanka min hanta ya rage surutu. Ya ce hanta ta tsofaffi ce marasa haƙori, ashe na yarda na tsufa. Na ce ta jikata ce. Ya ɗaga wuƙa ya tsaya. "Mai gudun nan? Ai na ganta shekaranjiya. Na zaci wata ce." Ya ƙara min wani yanki. Da ya ci gaba da tsokanar ya fi min.

Na soya da albasa da tumatir. Na bar ta a wuta fiye da kima, ta yi tauri. Barewa ta tauna, ta tauna, ta ɗago kai.

"Kaka, wannan hanta ce ko tayar keke?"

"Ci. Ƙarfe ne."

"Na ji alama. Haƙorina ma ya shaida."

Amma ta cinye.

Alhamis, da safe

Ba shayi a teburin nan. Na ce idan ba za ta sha ba, ni ma na daina. Kaina kamar ana sara.

Asabar, da rana tsaka

Na sauko da tsohon littafin kimiyyata daga saman durowa, gara ta ci gefensa amma ta bar babin da nake so. Abin a fili yake. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi jiki na karɓarsa kai tsaye. Na cikin wake da ganye kuwa sai an lallashe shi, sai an haɗa shi da abu mai tsami: lemo, tumatir ɗanye. Shayi yana ɗaure shi ya fita da shi yadda ya shigo. Madara ma tana tare masa hanya. Lissafi ne kawai, kuma lissafi bai taɓa cin amanata ba. Mutane ne suka ci.

Ga tsarin da na yi. Da safe ƙwai biyu da burodi, da lemon zaƙi, da ƙwayar likita. Da rana wake, na jiƙa shi tun daren jiya, in matse lemon tsami a kai. Da yamma alayyafo da nama, ko kifin gwangwani ranar da aljihu ya yi sanyi. Hanta ranar Laraba da Asabar, littafin ya ce ita ma ba a wuce gona da iri. Gyaɗa a aljihun jakarta ta makaranta. Na kuma nemo tukunyar baƙin ƙarfe ta marigayiya kakarta, na kankare tsatsar, don an ce miya mai tumatir tana ɗan ɗiba daga jikin tukunya.

Da na ci jarrabawar fita waje karatu, sunana ne na farko a allo. Yau ga ni ina auna wake da kofi. Waɗanda nake koya wa haɗa lamba a gidan ruwa su suka sa hannu a takardar sallamata, kuma famfon gidana sai ya ga dama yake kawo ruwa.

Tun ɗazu ina jin ƙurus-ƙurus daga kicin. Ƙanƙarar firji Barewa take taunawa. Likita ta ce masu ƙarancin jini suna haka. Ba na son ƙarar.

Talata, da yamma

Ta cinye komai yau, har ta kankare tukunya. Ta ce idan ta ci gaba a haka, ranar da ta wuce shagon mai walda maganaɗisu zai fisgo ta. Na yi dariya, na manta rabona da ita.

Ta hau matakala ba ta tsaya ba. Ina bayanta ina kallo. A saman ta riƙe bango, amma ba ta tsaya a tsakiya ba.

Zai hau.

Alhamis, da hantsi

Ba ta je makaranta ba. Ciwon ciki, in ji ta ta bayan ƙofa. Takardar da ke cikin kwalin maganin ta ce ƙwayoyin suna ɓata ciki. To shi ne.

Na fita baranda na tarar da zanen gadonta a igiya yana ɗiga. Asabar muke wanki a gidan nan, kuma ni nake wanke manyan kaya, hannunta ba ya iya matsewa. Ta kwashe ruwan bokitin da na tara jiya.

Juma'a, da safe

Zanen gado kuma. Ɗayan.

Asabar, da yamma

Ta ce in ba ta kuɗi. Na ce na me. Ta ce na wani abu. Na ce wani abu ba shi da suna? Ta dubi ƙasa. Na ba ta.

Daga baranda na ga ta wuce kantin maganin da ke ƙasan benenmu ba ta shiga ba. Mai kantin ya san ni, kullum muna gardamar labarai. Ta bi titi har kwana tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ka, ta dawo da baƙar leda a cikin mayafinta. Ta daɗe a matakala. Ban leƙa ba.

Hantar yau ta yi laushi, na koyi sauke ta da wuri. Ta ci rabi.

Litinin, da rana tsaka

Ba makaranta yau ma. Kwana na biyar.

Ina neman tsumman goge risho na buɗe buhun tsofaffin kaya. Singiletocin ubanta da na ajiye babu. Na sami bakin guda ɗaya, an yanke shi da almakashi, a tsanake, layi a miƙe.

Na mayar da buhun inda yake. Na dafa wake.

Alhamis, da yamma

Ta koma makaranta jiya. Igiya babu komai. Gida ya koma daidai.

Malamin wasanni ya cire ta daga masu gudu, har sai ta kawo takardar likita. Ta faɗa tana cin alayyafo kamar labarin wata take bayarwa. Na ce malamin bai san aikinsa ba. Ta ce, "A'a, Kaka. Na zagaya filin sau ɗaya na ga duhu. Gaskiyarsa." Ba ta yi kuka ba. Ubanta ma haka yake, komai sai ya haɗiye.

Uwarta ta kira. Na ce tana samun sauƙi, tana ci sosai. Duka biyun babu ƙarya a ciki, ko kuma rabi babu.

"Baba, ta ce muku wani abu?"

"Kamar me?"

"Ba komai. Ni ma ba ta gaya min. Da na tambaya sai ta ce kuna kusa, ɗakin ba shi da sirri."

Ɗaki biyu da falo ne. Ban gina shi ba.

Lahadi, da hantsi

Na ja fatar idonta da kaina, a bakin taga inda haske yake. Ta ce, "Likitan famfo ya zo zagaye." Na saki.

Ya fi na ranar asibiti fari. Ko hasken ne.

Talata, da safe

Ina ta tunanin babban tankin da ke kan tudu, shekarar da na fara aiki. Muna turo ruwa dare da rana, injuna uku, amma kullum da safe ma'aunin ya sauka. Manya suka ce a ƙara inji. Aka ƙara. Ni, yaro sabon dawowa daga karatu, na tashi a taro na ce idan ana zubawa abu yana raguwa, ba wurin zubawar ake dubawa ba. Muka bi bututu a ƙafa har muka sami inda ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani.

Ban san me ya kawo wannan ba. Yarinya ba tanki ba ce.

Na ƙara ƙwai ɗaya a na safe.

Laraba, da yamma

Na yi niyya yau. Na shirya maganar tun a kicin, na maimaita ta ina juya hanta.

Muka zauna. Na ce, "Barewa."

"Na'am, Tsoho."

"Akwai... jikin mutum yana da hanyoyi. Abin da ya shiga, da abin da ya fita."

"Darasi za a yi? In ɗauko biro?"

"Ina nufin, ko akwai wani abu da kike gani ya canza. A jikinki. Wanda ya fi na da."

Ta ajiye cokali. Kunnuwanta ne kawai suka yi ja, duk jinin da ya rage mata ya taru a can. Ni kuma ina kallon kwalbar gishiri kamar an rubuta wani abu a jiki. Da kakarta na raye, da magana ɗaya ce a kicin, an rufe ƙofa, an gama. Ni an koya min sunan kowane sinadari a harsuna biyu, wannan kalma ɗaya ta ƙi fita daga bakina a gaban 'yar ɗana.

Ta ce, "Farcena yana karyewa."

Na ce, "To. Gyaɗa za ta gyara shi."

Muka ci gaba da ci. Mu biyu mun ji daɗi da aka bar maganar, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Juma'a, da rana tsaka

Mahauci ya ce in gwada saifa, ta fi hanta jini. Na saya. Na sayi ƙoda ma.

Asabar, da yamma

Na cika mata kwano. Saifa, wake, alayyafo a gefe, lemo a yanke. Ta dube shi ta ce ba za ta iya ba. Na ce za ta iya. Ta ce cikinta ya cika. Na ɗaga murya, na ce saura kwana kaɗan a sake awo, ko so take a zo a kwashe ta a kai ta ɗakin da ko taga babu? Ko ta gaji da ni ne ta faɗa?

Ta ɗauki cokali ta ci. Tana ci hawaye na zuba a cikin waken. Ta cinye tas, ta tashi ta shiga bayi, na ji duk ya dawo.

Da ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana goge baki. Ta ce, "Kaka, wallahi ko saniya guda na cinye..." Sai ta tsaya.

Na jira. Ita ma ta jira. Na ce ta je ta kwanta.

Lahadi, da safe

Na dafa mata shinkafa fara, ba komai a kai. Ta ce yau salla ce ke nan. Na ce kada ta saba.

Laraba, da hantsi

Ranar komawa asibiti yau. Ban kai ta ba. Mako ɗaya zan ƙara, abinci yana buƙatar lokaci, littafin ma ya ce jini ba ya haɗuwa a kwana ɗaya. Na ce wa uwarta likita ta ɗaga ranar.

Juma'a, da safe

Zane a igiya. Bai kai wata da na wancan karon ba.

Asabar, da hantsi

Zane biyu da tawul. Ba ta iya matse su ba, ruwa na ta zuba a baranda har na ƙasa suka yi magana. Na je na matse su da kaina, na kau da kai ina matsewa. Ruwan da ya fita ba fari ba ne.

Ba ta taɓa ƙanƙara ba yau. Ba ta tashi zuwa firjin ba.

Lahadi, da yamma

Na kai mata abinci ɗaki, na ƙwanƙwasa, na jira ta ce in shigo. An juya katifa, ɓangaren da ke da tambarin kamfani yana sama. Ta shimfiɗa ledar shara a ƙarƙashinta, na ji ƙararta da ta motsa. Ɗakin yana wani wari da na sani, warin tsohon bututu idan an yanke shi.

Ta ce, "Ajiye nan, Tsoho, zan ci." Leɓenta launin toka. Jijiyar wuyanta na bugawa da sauri, ina gani daga bakin ƙofa.

Na ce, "Gobe za mu asibiti."

Ta ce, "Idan aka auna Mama za ta zo."

"Na sani."

"Kai kuma wa zai riƙa yi maka faɗa?"

Ashe ita ma lissafin take yi. Duk makonnin nan ina zaton kunya ce kawai ta rufe mata baki.

Litinin, da rana tsaka, a bencin asibiti

Ba mu kai ga tafiya da ƙafarmu ba. Da safe na ji faɗuwa a bakin bayi, ba ƙara mai yawa ba, kamar buhun da ba a cika ba. Na same ta a ƙasa, ido a buɗe amma ba ta ganina. Ba zan rubuta yadda tayal ɗin yake ba. Na lulluɓe ta da bargo na ɗauke ta. Ni da gwiwata ba ta hawa mota sai an tura ni, na sauko da ita bene ban huta ba. Ba ta da nauyi. Duk hantar nan, duk waken nan, ba ta da nauyi.

Mahauci ya bar teburinsa ya tare mana tasi.

A cikin motar na kira uwarta. Ta ɗauka ta fara gaisuwa, na katse ta. Na ce, "Jinin al'adarta ne. Yana zuba fiye da kima, ya fi mako kowane zuwa, kuma yana dawowa da wuri. Ta faɗi. Ki zo yau." Direba ya dube ni ta madubi. Na faɗa da ƙarfi, a gaban baƙo, ƙasa ba ta tsage ba.

Ta ce, "Ga ni nan, Baba."

Likitar nan ce dai. Ta fito da takarda ta ce awon ya sauka shida da ɗigo. Ba ta ce min komai a kan ranar da muka tsallake ba. Ta ce za ta yi magana da yarinyar. Kafin ta ƙarasa na riga na fito na ja musu ƙofar.

Litinin, da yamma

Likita ta same ni a benci. Ta ce abincin da nake ba ta daidai ne, kada a daina, watanni za ta yi tana buƙatarsa. Amma abin da take zubarwa ya fi ƙarfin kowane kwano. Akwai maganin rage zubar, sun fara ba ta. Za su yi hoto su kuma duba ko jininta na daskarewa yadda ya kamata, ba su san dalilin ba tukuna. Yanzu dai sai an ƙara mata jini, kuma asibitin na son dangi su bayar a madadin wanda za a ɗauko.

Na naɗe hannun riga tun kafin in kai ɗakin ɗibar jinin. Yaron da ke wurin ya tambayi shekaruna. Na faɗa. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, kun wuce." Na ce ya auna ya gani, ban taɓa kwanciya a asibiti ba. Ya ce doka ce. Na ce jinin ubanta daga nan ya fito. Ya ce ya sani, Baba, ku zauna ku huta.

Na sauke hannun rigar. Maɓallin ya ƙi shiga.

Talata, da hantsi

Uwarta ta iso da sassafe da jaka ɗaya, zare a manne a jikin zanenta, daga wurin aiki ta wuce tasha. Ta durƙusa ta gaishe ni a tsakiyar baranda mutane na wucewa, sannan ta shiga. Ta gilashin ƙofa na ga yarinyar ta cusa fuska a cikinta. Suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Barewa da ke ba ni amsa da kalma biyu, bakinta bai tsaya ba.

Daga baya uwar ta je aka ɗebi jininta. Ta dawo da auduga a gwiwar hannu ta zauna a ƙarshen bencina.

"Baba, tun watanni shida abin ya fara. Tana tsoron ku ji."

Na dubi audugar da ke hannunta. Ta ci gaba.

"Idan an sallame ta, da ni za ta tafi. Akwai asibitin mata kusa da mu. Na yi magana da makarantar can."

"Na sani. Tun kafin in buga miki na sani."

"Ba ƙwace ta na yi ba."

"Ban ce ba."

Ta gyara audugar. "Sai ku koya min yadda kuke yin waken. Ta ce naku ba ya kumbura ciki."

Na ce a jiƙa shi a zubar da ruwan farko, lemon tsami kuma sai an sauke. Ta ce to. Na ce shayi sai tsakanin abinci. Ta ce to, Baba. Ina ta lissafa mata, tana ta cewa to, har na ga ba ni da sauran abin faɗa.

Laraba, da yamma

Ledar jini ta biyu ta shiga. Leɓenta ya fara yin launi. Sakamakon hoton bai fito ba, likita ta ce akwai gwaji ɗaya da sai an aika wani wuri. Ba ta ce kada mu damu ba. Na lura ba ta ce ba.

Uwarta ta aike ni gida in kwaso kayan yarinyar, daga asibiti za su wuce tasha. Ta ce littattafai, kayan makaranta, da abin da ke aljihun durowa na ƙasa.

Littattafai na sa a kwali. Kayan makaranta na ninke. Sai na durƙusa gaban aljihun ƙasa, na ja shi ɗan kaɗan, na ga bakin wani abu mai leshi, na mayar. Na daɗe a durƙushe. Mutumin da ya faɗi kalmar nan a gaban direban tasi.

A ƙarshe na zaro aljihun gaba ɗaya daga jikin durowar, na rufe shi da tawul, na ɗaure da igiyar shanya. Haka na sauko da shi bene, na wuce kantin magani, na wuce mahauci. Ya buɗe baki, ya dubi fuskata, ya rufe. A motar haya na ɗora shi a cinya na biya kuɗin kujera ɗaya.

Na shiga ɗakin marasa lafiya da shi a rungume, matan gadajen gefe suna bina da kallo. Uwarta ta rufe baki da mayafi. Barewa ta ɗago daga filo, allura a hannunta, ta dubi aljihun, ta dube ni.

"Tsoho, da ka haɗo da gadon ma."

"Bai shiga mota ba."

Ta yi dariya har sai da nas ta leƙo. Na ajiye shi a ƙarƙashin gadonta, a ɗaure yadda yake.

Juma'a, da hantsi

Sun tafi da motar safe. Ta taka da ƙafarta daga tasi zuwa mota, a hankali, uwarta na riƙe da ita. Aljihun ma ya tafi, yaran mota sun ɗaure shi a sama tare da buhuna, ta ce ba za a kwance shi ba sai can.

Na dawo na shiga ɗakin don in buɗe taga. Durowar na tsaye da rami a ƙasanta. Kafinta zai iya ƙera wani aljihun a yini ɗaya. Ba zan kira shi ba.